Excel Kafin Python: Nasiha Ga Ƙannena Masu Neman Aikin Bankin Zuba Jari



Kowace shekara jami'o'inmu, daga Bayero da Ahmadu Bello har Usmanu Ɗanfodiyo da Maiduguri, suna yaye ɗalibai a fannin akanta da tattalin arziki da lissafi, kuma ba a rasa waɗanda suka ƙwallafa rai a kan aikin bankin zuba jari. Ba bankin da ake bin layi a ajiye kuɗi ko a cire nake nufi ba. Ina nufin gidajen da kamfani ko gwamnati ke zuwa idan za a sayar wa jama'a hannun jari, ko za a ciyo bashin biliyoyi daga kasuwa, ko wani kamfani zai saye wani: irin su Goldman Sachs da JPMorgan da Lazard a New York da Landan, ko Stanbic IBTC Capital da Chapel Hill Denham da United Capital a Legas.

Aikin kuwa akwai shi. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su ƙara jari: naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na shiyya, ya kuma ba su wa'adin shekara biyu. Access da Zenith da GTCO da Fidelity duk sun fito kasuwa neman kuɗi. Duk takardar tayin da aka buga, akwai wasu matasa a wani bene a Ikoyi ko Victoria Island da suka kwana a kanta. Wanda kuma yake gudun kuɗin ruwa, shi ma akwai ƙofarsa. Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, na farkon na naira biliyan 100 domin gyaran hanyoyi 25, kuma kayan aikin da ake lissafa shi da su ɗaya ne da na sauran.

Tambayar da ta fi fitowa daga bakinku ita ce: wace manhaja zan fara koya? Galibi ma mai tambayar ya riga ya yanke shawara, Python yake so a ce masa, don ita ake yayi. To ga amsata a jere: Excel da farko, ku daɗe a kanta. Sai PowerPoint. Sai rumbunan bayanan kasuwa. Python ta zo a ƙarshe. Bari in faɗa muku dalili.

Ku san aikin da za a ba ku

Sabon ma'aikaci mai nazari shi ne a ƙasan tsani. Babban darakta shi ke zama da mai kamfani, ya sha shayi, ya ba da shawarar a sayar ko a saya. Amma lambobin da zai faɗa a wurin zaman, da kundin da zai ajiye a kan tebur, na ƙasan ne ya haɗa su. A farkon 2021 wasu sababbin ma'aikata 13 na Goldman Sachs sun yi ƙorafi a rubuce cewa suna aikin kusan awa 95 a mako, barcinsu bai wuce awa biyar a dare ba. Abin lura, ƙorafin ma a shafukan gabatarwa suka tsara shi, da jadawali da komai, don da su hannunsu ya saba.

A waɗannan awanni babu mai neman ku ƙirƙiro sabon abu. Ɗan koyon ɗinki ba a fara shi da aikin wuyan babbar riga; kalmasa da guga ake ba shi, a ga ko hannunsa na tafiya daidai. Tambaya ɗaya za ku fi ji daga na sama da ku: “Daga ina wannan adadin ya fito?” Wanda ya iya nuna asalin kowane adadi nan take, shi ake ƙara wa aiki mai nauyi. Wanda ya ce “bari in duba” sau uku a jere, an daina yarda da shi ke nan, ko da ya haddace harsunan kwamfuta goma. Don haka ma'aunin zaɓen manhaja ɗaya ne: wacce ce za ta sa aikinku ya zama wanda wani zai iya buɗewa ya bi diddiginsa ba tare da ya kira ku ba? A wannan sana'ar, Excel ce, domin daga sabon shiga har babban darakta, har mai kamfanin da lauyansa, kowa ya iya buɗe ta.

Excel: ba iya buɗe ta ba, iya gini a cikinta

Tun 1985 Excel take, bayan VisiCalc ta 1979 da Lotus 1-2-3 ta 1983, kuma duk hasashen mutuwarta da aka sha yi bai tabbata ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai yawancin masu rubuta “na iya Excel” a takardar neman aiki, abin da suka iya shi ne tara lambobi da yi wa jadawali kala. Abin da ake nema ya wuce haka.

Na farko, ku saki linzamin kwamfuta, ku koma kan madannai. F2 na buɗe muku fomular da ke cikin gurbi. F4 na kafe gurbi don kada ya zame idan kun ja fomula. Ctrl da [ na kai ku kai tsaye inda adadi ya samo asali. Alt da = na tara layi. Wannan ba burga ba ce. Wanda zai taɓa gurabe dubbai a rana, daƙiƙa biyun da ya rage a kowanne su ne awar barcinsa.

Na biyu, fomuloli kaɗan ne ke ɗauke da yawancin aikin: SUMIFS, IF, INDEX tare da MATCH, XLOOKUP a sababbin fitowa, sai NPV da IRR da 'yan'uwansu XNPV da XIRR. Ku san halin kowacce. NPV, alal misali, tana ɗauka cewa kuɗin farko a ƙarshen shekarar farko zai shigo, ba yau ba; wanda ya cusa jarin da aka zuba yau a cikinta ya ɓata amsar, kuma Excel ba za ta yi masa gargaɗi ba. IFERROR kuwa ku yi hattara da ita: ba ta gyara kuskure, rufe shi take yi.

Na uku, kuma shi ne ya fi komai, tsari. A bankunan nan akwai al'adar launi: shuɗi ga adadin da aka buga da hannu, baƙi ga fomula, kore ga abin da aka jawo daga wani shafi. Kowane zato, farashin dala ne ko hauhawar farashi ko haraji, gurbi ɗaya kacal zai samu, duk sauran lissafi ya riƙa ɗebowa daga can. Kada ku taɓa binne adadi a cikin fomula. Ku tuna abin da ya faru a Yuni 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,400 a farkon 2024. MTN Najeriya, duk da cinikinta ya ƙaru, ta rufe 2023 da asarar naira biliyan 137 saboda faɗuwar naira. Ma'aikacin da ya ajiye farashin dala a gurbi ɗaya, canji ɗaya zai yi komai ya bi. Wanda ya warwatsa 460 a cikin fomuloli a shafi goma sha biyu, sai ya kwana yana farauta, kuma da wuya bai bar ɗaya a baya ba.

Amma fa Excel ba ta san akanta ba, ku ne za ku sani. Bayanan kuɗi uku ne ke riƙe da kowane kamfani: na riba da asara, na kadara da bashi, da na shige da ficen kuɗi. Ga wata tambaya da aka saba yi a wurin ganawar ɗaukar aiki. A ce an ƙara naira miliyan 10 a kan abin da ake cirewa saboda tsufan injuna, haraji kuma kashi 30 ne cikin ɗari. Me zai faru? Riba kafin haraji ta sauka da miliyan 10. Haraji ya ragu da miliyan 3. Riba bayan haraji ta sauka da miliyan 7. Amma tsufan inji ba kuɗi ne da ya fita daga asusu ba, don haka a bayanin shige da fice sai a mayar da miliyan 10 ɗin. Tsabar kuɗi ta ƙaru da miliyan 3. A bayanin kadara, injuna sun ragu da 10, kuɗi ya ƙaru da 3, jimilla ta sauka da 7. A ɗaya ɓangaren ma rabon masu kamfani ya sauka da 7. Ɓangarorin biyu sun daidaita. Ranar da kuka gina fayil ɗin da zai yi wannan tafiyar da kansa, ku canza gurbi ɗaya komai ya bi kuma ya daidaita, ranar ce kuka fara iya Excel. Daga nan sauran su biyo baya: ƙiyasta kuɗin da kamfani zai samu nan da shekara biyar a dawo da shi darajar yau, kwatanta kamfani da takwarorinsa, da jadawalin da ke nuna yadda ƙima za ta motsa idan dala ko kuɗin ruwa ya motsa.

Kuma kowane fayil ku sa masa masu gadi: layin da zai cire bashi da rabon masu kamfani daga kadara, ya nuna sifili idan lafiya, ya yi ja idan da matsala.

Abin da ƙaramin kuskure ya taɓa jawowa

Kada ku ɗauka tsoratarwa nake yi. A Satumba 2008, da Lehman Brothers ya durƙushe, Barclays ya tashi sayen wani sashe nasa. An aiko da jerin kwangilolin da za a ɗauka a fayil ɗin Excel, an ɓoye layukan waɗanda ba a so maimakon a goge su. Wani ƙaramin lauya ya gyara tsarin fayil ɗin cikin dare ya mayar da shi PDF, ɓoyayyun layuka suka bayyana, kwangiloli 179 da Barclays bai so ba suka shiga takardar da aka miƙa wa kotu. Sai da aka koma gaban alƙali neman gyara.

A 2014, lokacin da kamfanin Vista ya sayi kamfanin Tibco, jadawalin da Goldman Sachs ya yi aiki da shi ya ƙirga wasu hannayen jari sau biyu. Da aka gano, kuɗin cinikin ya gaza abin da aka sanar da kusan dala miliyan 100, magana ta kai kotu. A 2016 Lazard, yana ba SolarCity shawara a cinikinsa da Tesla, ya ƙirga wani bashi sau biyu, ƙimar kamfanin ta ragu da kusan dala miliyan 400 a lissafinsa. A JPMorgan kuwa, bayan asarar sama da dala biliyan 6 a ofishin Landan a 2012, rahoton binciken bankin da kansa ya nuna cewa ma'aunin haɗarin yana tafiya ne a kan shafukan Excel da ake kwafe lambobi da hannu daga wannan zuwa wancan, kuma wata fomula ta raba da jimilla a inda ya kamata ta raba da matsakaici. Ba fomular ce ta jawo asarar ba, amma ta taimaka wajen nuna haɗarin ƙasa da yadda yake.

Ku duba da kyau: a cikin waɗannan babu wanda rashin iya Python ya jawo. Ɓoyayyen layi ne, ƙirga abu sau biyu ne, kwafe da manna ne. Manyan gidaje ne, cike da masu digiri daga manyan jami'o'in duniya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai komawa ya sake dubawa.

PowerPoint da 'yan rakiyarta

Mai kamfani ba zai buɗe shafi ashirin na lissafi ba. Kundin gabatarwa zai gani. Don haka rabin rayuwarku a PowerPoint za ta ƙare. Ba ado ake nema ba. Kowane shafi ya faɗi magana ɗaya, kuma kanunsa ya zama ita maganar: maimakon “Cinikin kamfani”, a rubuta cewa ciniki ya ƙaru amma riba ta ragu saboda tsadar dala. Ku koyi uwar shafi, wadda idan aka gyara ta duk kundin ya gyaru. Ku koyi daidaita akwatuna da umarnin manhaja, ba da ido ba. Kowane jadawali a rubuta majiyarsa da kwanan wata a ƙasa.

Ga yadda daren yakan kasance. Ƙarfe sha ɗaya na sama da ku ya dawo muku da kundi mai shafi arba'in, ya zazzane shi da jan biro. A shafi na 12 ribar kamfani biliyan 48.3 ce, a shafi na 31 kuma 48.6, saboda an sabunta lissafi da yamma an manta da wuri ɗaya. A shafi na 20 an rubuta miliyan a inda ake nufin biliyan. Tambarin wani banki tsoho ne, sun canza shi tun bara. Mai hankali yana bin gyaran ɗaya bayan ɗaya, yana sa alama a kan wanda ya gama, sannan ya buga kundin a takarda ya bi kowane adadi da biro yana gwada shi da fayil ɗin Excel. Ido yana kama abu a takarda wanda yake tsallakewa a fuskar kwamfuta.

Word ma kada ku raina ta. Takardar tayin hannun jari da ake kai wa Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari tana kai ɗaruruwan shafuka, lauyoyi da akantoci da banki kowa na sa hannu. Ku iya bibiyar gyare-gyare da kwatanta kwafi biyu. Ku saba da sa wa fayil suna mai kwanan wata da lambar kwafi. Kuma kafin ku danna aikawa a imel, ku sake karanta sunayen waɗanda za su karɓa, domin sirrin ciniki idan ya fita ba ya dawowa.

Rumbunan bayanai

Bloomberg, FactSet, S&P Capital IQ da LSEG su ne inda ake ɗebo farashi da bayanan kamfanoni. Kujera ɗaya ta Bloomberg tana cin sama da dala dubu 25 a shekara, don haka ba abin da za ku saya ku koya a gida ba ne, kuma babu mai tsammanin haka daga gare ku. Idan kun shiga za a nuna muku, cikin 'yan makonni hannu ya faɗa. Abin da za ku iya koya tun yanzu ya fi wannan daraja: karanta rahoton shekara na kamfani. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suna wallafa nasu kyauta a intanet, kuma tun 2012 suke bin ƙa'idar akanta ta duniya, wato IFRS. Rumbunan nan sukan yi jinkiri ko su bar giɓi a kan ƙananan kamfanonin Afirka, kamfanonin da ba su shiga kasuwa ba kuwa sau da yawa babu su sam. Adadin da ke rahoton da akantoci suka tantance shi ne asali. Na rumbu kwafi ne. Idan suka saɓa, asali ake bi, kuma sau da yawa amsar tana can cikin ƙananan bayanan da ke bayan rahoton, inda malalaci ba ya kaiwa.

Sai Python, sai ƙirƙirarriyar basira

Ban ce Python ba ta da amfani ba. Shafin Excel ba ya wuce layi 1,048,576. Wanda aka ba shi bayanan basussukan banki guda ko cinikin kamfanin sadarwa, dole ya nemi SQL ko Python. Mai son sashen saye da sayarwa a kasuwa, ko auna haɗari, ko gina dabarun ciniki da lissafi, shi kam Python ce abincinsa, ya fara ta da wuri. Microsoft ma ta shigar da Python cikin Excel tun 2023. Amma a sashen ba kamfanoni shawara, idan kuka kai wa darakta amsar da ba zai iya danna F2 ya ga cikinta ba, cewa zai yi ku koma ku yi ta a Excel. Kafin Python ma akwai Power Query, tana nan cikin Excel, tana share yawancin wahalar tsabtace bayanai. Ku bari sai kun yi wani aiki da hannu har ya gundure ku, sannan ku koya wa na'ura ta riƙa yi. Wanda bai san aikin ba, idan ya ɗora wa na'ura, kuskurensa kawai zai ƙara wa sauri.

Haka batun ƙirƙirarriyar basira. Tana rubuta fomula, tana taƙaita rahoto, tana zana daftarin farko, kuma ba shakka za ta rage wani ɓangare na aikin dare. Amma takan kawo adadin da babu shi, cikin natsuwa kamar gaskiya. Idan aka tambaye ku inda adadi ya fito, “na'ura ce ta ba ni” ba amsa ba ce. Sannan kada ku kuskura ku zuba bayanan abokin hulɗa a manhajar da bankinku bai amince da ita ba. A farkon 2023 JPMorgan da wasu manyan bankuna sun taƙaita wa ma'aikatansu amfani da ChatGPT, daga baya suka gina nasu na cikin gida. Labarin cinikin da ba a sanar ba amana ce, fitar da shi na iya cin aikinku, amfani da shi a kasuwa kuma laifi ne a doka.

Inda za ku fara

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidaje da yawa suna zaunar da mai neman aiki a gaban kwamfuta, su ba shi bayanan kamfani da 'yan awanni, su ce ya gina. Shirin wannan rana ba ya buƙatar kwas mai tsada. Tsohuwar kwamfuta da data kaɗan sun isa.

Ku zaɓi kamfani ɗaya da kuka san kayansa, Dangote Cement ko BUA Foods ko MTN. Ku sauke rahotanninsa na shekara biyar. Ku buga bayanan nan uku da hannunku, layi bayan layi, da shuɗi, kowane adadi ku rubuta shafin da kuka samo shi a gefensa. Ku haɗa su da fomula har su daidaita. Ku yi hasashen shekara biyar masu zuwa, kowane zato a gurbinsa, kuma ku iya kare shi da baki: me ya sa kuka ce siminti zai ƙaru da kaza? Ku fitar da ƙimar kamfanin, ku gwada ta da farashinsa na kasuwa. Sannan ku taƙaita duka a shafi biyar na PowerPoint.

Idan kun gama, ku miƙa fayil ɗin ga aboki mai ido, kada ku yi masa bayanin komai. Ku ce ya zaɓi duk adadin da ya ga dama ya bi shi har tushe, ya kuma canza farashin dala ya ga ko wani abu zai karye. Inda ya maƙale, nan aikinku yake da saura. Ku gyara, ku ɗauki kamfani na biyu daga wani fannin daban, banki misali, don ku ga yadda lissafinsa ya bambanta. Fayiloli biyu irin waɗannan, da za ku iya buɗewa a gaban mai ɗaukar aiki ku amsa duk abin da ya tambaya, sun fi tarin takardun shaidar kwasa-kwasan da ba a taɓa aiki da su ba.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku halaliyarku, ya sa ku zama masu riƙon amana a duk inda kuka samu kanku.